Lamba Takwas

Ranar Laraba bayan la'asar muka zauna,
mu bakwai, a shagon taya na Alhaji Mode a Mabera.
Fanka na juyi kamar an tilasta mata,
zafi ya hana kowa tsawaita gaisuwa.
Magana ɗaya ce a kan benci:
Jelani, lamba takwas, a riƙe shi ko a sallama?
Ni ke da biro, ban ko buɗe littafin ba.

Ma'aji ya fara, shi da lissafi tagwaye ne:
"Shekara talatin da bakwai.
Gwiwa tai ta hagu ta cinye kuɗin motarmu zuwa Gusau sau biyu.
'Yan Argungu sun ce mu ba su shi,
su ba mu yaro ɗan sha tara mai gudu kamar an cinna mai wuta,
da riguna saiti guda, sabbi cikin leda.
Wanda ya ƙi wanga ciniki bai san kasuwa ba."

Koci Haliru ya ce, "Gudu? Akuya ma tana gudu.
Ku nuna min wanda zai ɗaga kai sau guda
ya ga fili duka, kamar mai tsaye bisa tankin ruwa,
ya aika ƙwallo inda ɗan gaba bai isa ba tukuna
amma zai isa.
Wannan ba a saye shi da riguna ba."

Na tuna Giginya, shekarar da muka ɗauki kofi,
hadari ya haɗo ta gabas, saura minti uku,
ya juya baya ga raga kamar ya haƙura,
ya taɓa ta da dunduniya.
Har yau mai tsaron gidan Tambuwal
bai san ta inda ta wuce shi ba.

Amma na tuna Asabar da ta wuce, a Wamakko.
Wani yaro da ko gemu bai fara ba
ya wuce shi sau uku kamar an kafa turke.
A na ukun ya dafa gwiwa, ya dubi benci.
Na juya ina cinikin gyaɗa
don kada a ce ban gani ba, ko na gani ban faɗa ba.

Alhaji Mode ya buga tafin hannu kan wata tsohuwar taya:
"In ta suɗe, ko Makka ta kai ka, cire ta aka yi."
Malami mai wankin riguna, da ba a ba shi baki ba,
ya ce daga ƙofa, "Cirewa dai, Alhaji.
Takalmin ƙafata daga irinta anka yanke shi,
shekara huɗu bai tsinke ba."

Aka ɗaga hannu. Uku nan, uku can.
Ido goma sha biyu suka dawo kaina.
Na ce zan fita in sha iska,
alhali iskar ba ta zo unguwar ba.

A filin firamare na same shi,
famfo a hannu, ƙwallaye biyar a buhu,
yana nuna wa Bube yadda ake karɓa da ƙirji.
Bai dube ni ba ya ce,
"Sakatare, mi kunka yanke?
In Argungu ce, ba komi, akwai kifi.
Ku dai bar ni wata guda,
ƙafar hagun yaron ga ta kusa nuna,
ban son in bar ta ɗanya."

Bube ne zai gaji rigar. Ya sani, na sani,
yaron kaɗai ba a gaya wa ba.

Na koma shago ana kiran magariba.
Na rubuta kwanan wata,
na rubuta sunansa da na mahaifinsa,
na sa waƙafi.
Ma'aji na leƙe ta kafaɗata yana jira,
takardar na ɗan motsi ƙarƙashin fanka,
biron kuma, Allah shaida, bai ƙare ba.